Zinariya ce ta gina San Faransisko, ko kasuwa?

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum. Malamai, ina nazarin tarihin San Faransisko, birnin da ke gaɓar tekun Fasifik a jihar Kalifoniya ta Amurka, sai na ga cewa a farkon 1848 mazaunansa ba su wuce 1,000 ba, amma zuwa 1850 sun haura 20,000 saboda rububin neman zinariya. Tunda ba a cikin garin aka haƙi zinariyar ba, ta yaya ya kwashi arzikinta?

Malamin Tattali:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Amsar tana tashar jiragen ruwa. An tsinci zinariyar ne a Janairun 1848 a can nesa da gaɓar teku, kusa da garin Koloma, amma yawancin waɗanda suka zo ta teku a San Faransisko suka sauka, a nan suka sayi abinci da shebur da tufafi da tsada, a nan kuma suka dawo suka kashe abin da suka samo. Ɗaruruwan jirage aka yasar a tashar saboda matuƙansu sun gudu zuwa haƙa, har aka mayar da wasunsu rumbunan ajiya da masaukai. A ganina, 'yan kasuwa ne suka ci moriyar. Levi Strauss, wanda ya isa a 1853, kayan yadi yake sayarwa, kuma a 1873 shi da wani tela mai suna Jacob Davis suka yi rajistar wandon jins mai ƙananan ƙusoshin ƙarfe da ke ƙarfafa aljihu.

Hajiya daga Damagaram:
Malam ya yi bayani, amma kada a manta da Sinawa. Su ne mafi yawan leburorin da suka fasa duwatsun Siyera Nebada don shimfiɗa layin dogon da ya haɗa gabashin Amurka da yammacinta, wanda aka kammala a 1869, sannan a 1882 aka kafa dokar hana leburorin ƙasarsu shiga Amurka. Wannan abin yana ci mini rai. Unguwarsu da ke San Faransisko ta ƙone a gobarar da ta biyo bayan girgizar ƙasa ta 18 ga Afrilu 1906, hukumomi suka so mayar da su bayan gari, suka ƙi, suka sake gina ta a gurbinta.

Ɗalibin Tarihi:
Na gode ƙwarai. To, tashar tana aiki har yanzu?

Malamin Tattali:
Kaɗan ne ya rage. Daga shekarun 1960, da aka koma jigilar kaya a kwantena, harkar ta ƙaura zuwa birnin Okland da ke ɗaya gefen mashigin tekun, inda akwai fili da layin dogo. Yanzu kamfanonin kwamfuta da bankuna da yawon buɗe ido ke riƙe da birnin, kuɗin haya kuwa ya tilasta wa ma'aikata da yawa komawa garuruwan kewaye.