Kindle ko tabulet: wanne ya dace da mai karatun PDF da littattafan Larabci?

Malama daga Zariya:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da 'yan'uwa, ina neman shawararku a kan na'urar da ya kamata in saya domin karatu. Ina koyarwa a makarantar sakandare, kuma ina karatun digiri na biyu a fannin addinin Musulunci, saboda haka yawancin abin da nake karantawa yanzu ba a takarda yake zuwa mini ba. Akwai maƙalun mujallun ilimi da malamanmu suke turo mana a PDF, akwai manyan littattafan fiƙihu da tafsiri na Larabci waɗanda hoton shafukansu aka ɗauka, sannan akwai littattafan hikaya na Hausa da nake karantawa idan na samu sarari. Duk a waya nake karanta su, idanuna sun fara gajiya, ga kuma wutar unguwarmu da ba ta da tabbas. Wasu sun ce in sayi Kindle, na'urar karatun littattafai ta kamfanin Amazon, domin cajinta yana yin makonni, wasu kuma sun ce tabulet ta fi amfani. Kuɗin na'ura ɗaya nake da shi, kuma mai yiwuwa ta hannu zan saya. Wacce za ku zaɓar mini, kuma me zan duba kafin in biya?

Mai gyaran waya daga Kano:

Wa alaikumus salam, Malama. Maganar da aka gaya miki a kan cajin Kindle gaskiya ce, kuma dalilinta yana cikin yadda aka ƙera fuskarta. Fuskar waya da ta tabulet fitila ce da ke ci muddin kina kallonta. Ita kuwa fuskar Kindle da Kobo (irin Kindle ce, ta wani kamfanin), wadda ake kira E Ink, cike take da ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe da farare, waɗanda ba sa bukatar wuta sai lokacin da za su sauya wuri, wato idan kin juya shafi. Shi ya sa ƙaramin batir yake kai ta makonni, kuma a tsakiyar rana ma rubutunta ƙara fitowa yake yi.

Amma ni abin da na fi dubawa a bayaninki shi ne irin fayilolin da kike da su, domin su ne za su yanke hukunci. Littafin da aka shirya shi a EPUB rubutu ne mai bin girman fuska: idan kin ƙara girman haruffa, layukan za su sake jeruwa da kansu. PDF ba haka yake ba, shafinsa a daskare yake, balle wanda hoton shafi ne. Maƙalar mujalla galibi a girman takardar A4 take, wato santimita 21 a faɗi da kusan 30 a tsawo, ita kuwa ƙaramar Kindle fuskarta inci 6 ce, Kindle Paperwhite ta shekarar 2024 inci 7. Idan aka matse wannan shafi a cikin wannan fuska, sharhin da ke ƙasan littattafan Larabci, wanda dama da ƙananan haruffa ake buga shi, ba zai karantu ba sai kin riƙa buɗa shafin kina jansa hagu da dama, kuma E Ink tana da nawa wajen irin wannan motsi. Idon da kike son ki hutar, wahala za ki ƙara masa. Shawarata ita ce tabulet mai fuska inci 10 ko 11, mai ramin katin memori, ki haɗa da fawa-banki.

Dattijo mai ritaya daga Kaduna:

'Yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ban musa wa Malam mai gyara ko kalma ɗaya a kan PDF ba, sai dai ina ganin an yi wa Kindle gajeren adalci. Ni da ita nake karatu tun da idona ya fara rauni, kuma abin da ya riƙe ni a kanta shi ne fitilarta shafin take haskawa daga gefe, ba fuskar mai karatu ba, don haka nakan daɗe ina karatu bayan sallar isha ba tare da idona ya yi yaji ba. Akwai kuma wata fa'ida da ba a rubuta ta a jikin kwali: babu WhatsApp a cikinta, babu Facebook. Wanda ya sayi tabulet da niyyar karatu ya san sau nawa saƙo ɗaya ya cinye masa daren da ya ware wa littafi, kuma ɗalibar da ke da kundin bincike a gabanta ya kamata ta sa wannan a lissafi.

Game da littattafan Hausa, akwai abin da zan ja hankalinki a kai ko da wacce kika saya. Ba kowane zubin haruffa ne yake ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ ba, shi ya sa wani lokaci za ki ga harafin ya fito da wata siffa dabam da ta sauran, ko ya zama ɗan akwati. Maganinsa mai sauƙi ne: Kindle da Kobo duka suna barin mutum ya saka nasa zubin ta hanyar haɗa su da kwamfuta, kuma zubin Charis SIL da na Andika kyauta ne, an yi su ne musamman domin harsuna irin namu. Littattafan da marubuta suke rabawa a Word kuwa, manhajar Calibre, wadda ita ma kyauta ce, tana mayar da su EPUB. Kobo tana buɗe EPUB kai tsaye, Kindle kuma tun 2022 tana karɓarsa idan an aika ta Send to Kindle, hanyar Amazon ta tura fayil zuwa na'urar. Da a ce hikaya da littattafan Turanci ne rabin karatunki, da ban yi jinkirin cewa Kindle ba.

Ɗalibin ilimi daga Maraɗi:

Baba ya faɗi gaskiya a kan natsuwa, amma sharaɗin da ya rufe da shi ne ya raba gardamar, domin karatun Malama ba hikaya ba ne. Mai nazarin fiƙihu ba daga shafin farko zuwa na ƙarshe yake bin littafi ba. Yana neman mas'ala ne a mujalladi na uku, ya tsallaka zuwa ƙamus, ya duba hadisin a wani littafin, ya dawo ya ja layi. Wannan tsalle-tsallen a tabulet ne yake tafiya da sauri, kuma manhajoji irin su Maktaba Shamila, da ake neman kalma ɗaya a cikin dubban littattafai da su, da manhajojin Alƙur'ani masu ruwayar Warsh, ba sa hawa Kindle.

Akwai hanya ta tsakiya da ba a ambata ba, wato na'urorin E Ink masu babbar fuska. Kindle Scribe ta 2022 da ta 2024 inci 10.2 ce, Kobo Elipsa inci 10.3, sannan akwai na kamfanin Boox masu aiki da Android, waɗanda ake iya saka musu manhajoji kamar waya. Su ne suka haɗa hutun ido da girman shafi, sai dai tsadarsu ta wuce ta tabulet mai matsakaicin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma samunsu a kasuwanninmu sai an yi oda.

Wani abin da nake so Malama ta sani shi ne littafin da aka saya a cikin manhajar wani kamfani yawanci a kulle yake, ba ya fita daga wannan manhajar. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da yawa suka sayar da littattafansu, ta rufe a ƙarshen 2023, kuma a watan Fabrairun 2025 Amazon ta cire damar sauke littafin da aka saya zuwa kwamfuta domin a tura shi Kindle ta kebul. Saboda haka duk fayil ɗin da yake naki, ki ajiye kwafinsa a katin memori ko filashi, kada ki bar shi a na'ura ɗaya.

Malama daga Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na ji nasiharka a kan WhatsApp, kuma na yi niyyar ba zan saka shi a na'urar ba. Na karkata ga tabulet, tunda kundin bincikena ne a gaba. Malam mai gyara, saura tambayata ta biyu a kan ta hannu.

Mai gyaran waya daga Kano:

To Malama, kada ki saya sai kin riƙe ta a hannunki, ko a Farm Centre, kasuwar wayoyi ta Kano, ne ko a wani wuri. Ki tafi da littafinki na Larabci mafi nauyi da mafi ƙanƙantar rubutu a waya ko katin memori, a buɗe shi a gabanki, ki juya shafuka da sauri ki ga ko tana tsayawa. Ki sa a goge na'urar gaba ɗaya a sake kunna ta kina kallo, domin idan mai ita na farko bai cire asusunsa na Google ko iCloud ba, a nan za ta nemi kalmar sirrinsa, kuma iPad ɗin da ta kulle a haka ba ta da amfani a wurinki. Ki buɗe farin shafi ki duba ko akwai tabo ko layi a fuskar, ki kuma kalli gefenta, domin fuskar da ta ɗan ɗago alama ce ta batir ya kumbura. Ki bar ta a kunne da cikakken haske kamar minti goma sha biyar ki ga nawa cajin ya sauka.

Idan kuɗin ya kai, fuskar iPad ta fi dacewa da shafin littafi saboda faɗinta, domin yawancin na Android dogaye ne, don kallon bidiyo aka yanka su. Amma iPad ba ta da ramin memori, ga littattafan hoto kuma da cin wuri, saboda haka kada ki karɓi mai ƙasa da gigabait 64. Game da ido, ki rage haske ya yi daidai da na ɗakin, ki mayar da launin shafi ruwan ƙasa, kuma kada ki yi karatu a cikin duhu sosai. Sannan idan zafin Maris da Afrilu ya zo, kada ki bar ta a cikin mota ko ki yi mata caji a kan katifa, domin kamfanonin da kansu digiri 35 suka sa a matsayin iyakar zafin da za a yi aiki da ita, mu kuwa a wannan lokacin mukan haura 40.