Inji mai ƙarfin doki nawa ya dace da jirgin ruwa mai tafiya da iska?

Baban Amira: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan. Jirgina yana Port Sudan, tsawonsa ƙafa 32, nauyinsa a takarda tan 5 da rabi, kuma injin dizal ɗin da ke cikinsa mai ƙarfin doki 18 ya tsufa. Makanikin da ya duba shi ya ce in sa mai ƙarfin doki 40 in huta. Niyyata ita ce in haura Bahar Maliya zuwa Suwez, shi ya sa nake son jin ra'ayinku kafin in kashe kuɗi.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka fara lissafi da nauyin takarda, domin wannan nauyin jirgi ne ba kaya. Idan ka cika tankunan ruwa da na mai, ka loda abinci da sarƙar anga da batura da mutane, da wuya ka tsaya ƙasa da tan 6 da rabi ko 7. Ma'aunin da masu jirage suka saba bi shi ne ƙarfin doki 3 zuwa 4 ga kowane tan, wanda a tan 7 zai kai ka tsakanin 21 da 28.

Akwai kuma iyakar da inji ba ya iya tsallakewa. Irin wannan jirgi yana ture ruwa ne da ƙirjinsa, kuma gudunsa ya dogara da tsawon sashen da ke kwance a ruwa. Idan sashen ƙafa 25 ne, sai ka nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 25, wato 5, ka ninka da 1.34, ka samu mil 6.7 na teku a awa. Daga nan duk man da ka ƙara ƙonawa igiyar ruwa kawai zai tayar, gindin jirgin ya nutse, gudun kuwa bai ƙaru da abin kirki ba.

Tsohon Matuƙi: Lissafin Injiniya daidai ne, amma na kwanciyar teku ne. Ɗana, daga Port Sudan zuwa Suwez kusan mil 700 ne na teku, kuma a arewacin Bahar Maliya iska daga arewa take busowa kusan duk shekara, wato ido da ido za ku yi da ita. Igiyar ruwan wurin gajera ce mai tsayi, tana dukan goshin jirgi har ta tsayar da shi cak, sai ya sake ɗaukar gudu daga farko. Na taɓa kwana guda da ƙaramin inji ina ganin tsauni ɗaya a gefena bai gushe ba. Saboda haka ka ɗauki saman lissafin, 28 zuwa 30. Ka tuna kuma cewa a mashigin Suwez da inji ake tafiya, kilomita 193, tare da kwana a garin Isma'iliyya da ke kan mashigin.

Baban Amira: Na gode, Baba. To idan ƙarfi yana da amfani haka, mene ne laifin 40 ɗin?

Injiniya: Laifinsa shi ne ba za ka taɓa ba shi aikin da ya kai ƙarfinsa ba. Injin dizal yana son a riƙa tafiyar da shi a kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na iyakar juyinsa. Idan ya daɗe yana aiki sama-sama, ba ya yin zafin da ya kamata, bangon silinda ya yi santsi, ringi ya daina kamawa, sai ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi. Ga ƙarin nauyi a bayan jirgi, ga buƙatar babbar farfela, wadda wataƙila ramin da ke ƙarƙashin jirginka ba zai ɗauka ba.

Hajiya Babba: Batun farfelar nan shi nake so a jaddada. Lokacin da ni da maigida muka sauya injinmu a kudancin Ingila, mun bar tsohuwar farfela don rage tsada, sai sabon injin ya kasa kai iyakar juyinsa yana fitar da baƙin hayaƙi, har sai da aka auna wata daidai da giyarsa. A ajin da ake magana akwai injunan Yanmar 3YM30 da Volvo Penta D1-30, dukansu masu silinda uku, da kuma Beta 30, wanda tushensa injin Kubota ne. Mu Beta muka zaɓa, saboda ana samun matatar mai da bel ɗinsa a wajen masu kayan Kubota. Kai kuwa ka fara tambayar wanne ne ake samun kayan gyaransa a Port Sudan da tashoshin Masar.

Tsohon Matuƙi: Kafin ka biya ko sisi, ka sa a kankare ƙasan jirgin da farfelarsa. Ruwan Bahar Maliya mai ɗumi ne, katantanwa na saurin mannewa, kuma sau da yawa ita ke cinye gudun da ake ɗora wa inji laifinsa.

Baban Amira: Allah ya saka da alheri. Gobe zan auna faɗin ɗakin injin da tazarar da ke tsakanin farfela da ƙasan jirgi, in turo muku, sannan Injiniya ya taimaka mini da zaɓen giyar inji.