Lambun Rani a Jos: Yaya Zan Tsara Shuka Ta Dace da Hidimar Gida?

Mai Lambu a Dilimi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa manoma da masu sana'ar gwari. Ina noman lambu a wani ɗan fili da bai kai kadada ɗaya ba a gefen kogin Dilimi, wanda mahaifinmu ya bar mana, kuma ni nake riƙe da shi tare da maiɗakina da yaranmu da wani ƙanena. Abin da muka gada shi ne da zarar ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba mu gyara fangali, mu dasa tumatir da kabeji a yawancin filin, mu zuba karas a sauran, sannan mu shiga ban ruwa har zuwa Fabrairu. Amfanin yana yin kyau, alhamdu lillahi, sai dai komai yana nuna a lokaci guda, daidai sa'ad da kasuwar Farin Gada take cika maƙil, har dillali ya riƙa yi wa kwandon tumatir tayin da ba zai mayar da kuɗin fetur da taki ba.

Abin da aka samu a wannan ɗan tsakanin yakan ƙare kafin damina ta yi nisa, sai Satumba ta zo da kuɗin makaranta da na littattafai da na iri a tare, hannu kuwa babu komai. A makonnin ɗiba kuma aiki yana fin ƙarfinmu har sai yara sun rasa makaranta wasu ranaku, abin da yake damuna ƙwarai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kunna injin ban ruwa ma ya zama nauyi mai zaman kansa. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan sana'a su nuna mini yadda zan raba filin da watannin shekara, domin kuɗi ya riƙa shigowa lokacin da gida yake buƙata, yara kuma su zauna a aji.

Dattijo daga Bukuru

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa albarka a abin da ya bari. Na daɗe ina noman rani a bakin ɗaya daga cikin tafkunan da kamfanonin haƙar kuza suka bari a yankin Bukuru, kuma halin da ka bayyana shi ne na yawancin masu ƙaramin fili, domin kowa ɗaukewar ruwa yake jira ya dasa, saboda haka kowa a mako ɗaya yake kai kaya kasuwa. Ba mu 'yan Filato kaɗai ba ne ma. Daga Janairu zuwa Maris ne tumatirin Kadawa a Kano da na Kaduna da Katsina yake fitowa ya cika manyan motocin da suke gangarawa Abuja da Legas, kuma mai kadada ɗaya ba shi da ƙarfin ja da su a wannan lokacin. Abin da Allah ya ba mu a nan shi ne tudu da sanyi, tunda Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200, kabeji da latas da karas da koren wake suna yi mana a watannin da zafi yake hana su yi a wurare da dama. A nan ya kamata ka zuba ƙarfinka, ka rage wa tumatirin tsakiyar rani wuri.

Ka fara lissafi daga ranar da kake buƙatar kuɗi, ka yi baya zuwa ranar zuba iri. Kabeji yana yin kamar wata ɗaya a reno, sannan wata biyu da rabi zuwa uku bayan dashe kafin ya dunƙule ya yi ƙarfi. Idan kana son ka riski kasuwar Kirsimeti, lokacin da kabeji da karas da koren wake suke daraja saboda hidimar salak a nan Jos da kudancin ƙasar, to a ƙarshen Agusta za ka zuba irin a reno, ka yi masa 'yar rumfar ciyawa don kada ruwa mai ƙarfi ya kwantar da shi, ka dasa a farkon Oktoba, danshin da damina ta bari ya ɗauke maka ban ruwan farko. Karas ba a dasa shi, a fangali ake zuba shi kai tsaye, kuma yana son kusan wata uku. Koren wake yana fara bayarwa cikin wata biyu. Latas ya fi su duka sauri, amma idan zafin Maris da Afrilu ya same shi sai ya yi tsiri ya yi ɗaci, don haka a cikin hunturu ake cin moriyarsa.

Sannan ka raba filin kashi huɗu, kada ka dasa su rana ɗaya, ka bar tazarar mako biyu zuwa uku tsakanin kowane kashi da na bayansa. Idan ka yi haka, ɗibar kowane mako ba za ta wuce abin da kai da ƙanenka za ku iya ba, faɗuwar farashi ta mako ɗaya kuma ba za ta kama duk gumin shekara ba. Ba zan ce maka wannan tsari yana rage shan fetur ba, yana dai rarraba shi ne, kuɗin kashin farko ya sayi man na biyu. Abin da yake rage shi da gaske shi ne lulluɓe fangali da busasshiyar ciyawa da yin ban ruwa da yamma ko da sassafe, da kuma ɗinke mesar da take yoyo a hanya.

Game da Satumba kuwa, damina ce take biyan wannan bashi. Ka shuka dankalin Turawa da ruwan farko a Afrilu ko Mayu, ka haƙe shi a Yuli ko Agusta. Idan kana da zuciya, ka dasa tumatir kaɗan a Maris da ruwan inji, ya nuna a Mayu da Yuni lokacin da na rani ya ƙare, kwando ya yi tsada. Ka kuma tuna cewa azumi a 'yan shekarun nan cikin rani yake faɗowa, kowace shekara yana matsowa da kamar kwana 11, don haka ka duba kalanda kafin ka zuba latas da kokwamba, saboda masu buɗa-baki suna nemansu.

Uwargida daga Gangare

Malam, Baba ya yi maka bayanin gona, ni kuwa zan yi na cikin gida, domin a gidan mai lambu na tashi, a gidan mai lambu kuma nake aure. Abu na farko shi ne ka zauna da maiɗakinka ku yi wannan lissafin tare, domin ita ta san watan da buhun masara yake ƙarewa da watan da ake ɗinkin Sallah, kuma hannunta ne yake wanke karas da ɗaure latas. Ka ware mata fangali biyu ko uku na alayyahu da yakuwa da albasa mai lawashi, waɗanda ake tsinka kullum a sayar a unguwa, kuɗin ya zama nata na cefane, kai kuma kada ka taɓa shi, ita ma kada ta taɓa na iri da taki. Da wannan ɗan cinikin ne nake zubin adashi, kuma tun farko nake roƙon uwar adashi ta sa kwasata ta faɗo a Agusta, saboda kayan makaranta.

Tumatirin da dillali ya raina kuma kada ku zubar, kada ku sayar da shi a wulaƙance. Iskar hunturu tana busar da shi cikin 'yan kwanaki idan aka yanka shi biyu, aka shanya a kan tabarma mai tsabta a bisa rumfa ko rufin ɗaki, inda ƙura da awaki ba sa kaiwa. Idan ya bushe ƙayau a zuba a buhu a ɗora kan katako, kada ya taɓa ƙasa. Wannan kauɗar ce take riƙe mana miya a Yuni da Yuli, kuma abin da ya ragu yana da masu saye.

Maganar yara ita ta fi taɓa mini zuciya. Wanda bai taɓa wanke karas da asuba a watan Janairu a Jos ba bai san yadda ruwan yake ba: yatsun yaro sukan sandare har ya kasa riƙe alƙalami, bayan hannunsa ya tsattsage, ya isa aji a makare yana gyangyaɗi. A gidanmu akan haƙa karas da la'asar, a wanke kafin magariba, a rufe da danshin buhu ya kwana, da safe manya su kai kasuwa. Aikin yara shi ne cirar ciyawa da tsinkar wake ranar Asabar da Lahadi bayan Islamiyya, da kuma lokacin hutu. Ina kuma roƙon duk mai lambu a bakin tafkin kuza, irin su Baba, kada a aiki yaro shi kaɗai ya gyara bakin mesa a cikin ruwa, domin waɗannan tafkuna ramukan haƙa ne, gaɓarsu a tsaye take, zurfinsu kuma ba a ganinsa daga sama, kuma sun ci rayuka.

Malamin Gona a Jos ta Arewa

Na yarda da tsarin Baba na dasawa daki-daki, amma ina neman afuwarsa, ina da ja a kan haɗa dankali da tumatirin farkon damina a fili ƙarami irin wannan. Dankalin Turawa da tumatir da tattasai da attaruhu da gauta dangi ɗaya ne, kuma cututtukansu ɗaya. Cutar ƙunar ganye da ta yi wa manoman dankali mummunar ɓarna a Bokkos da Mangu a 2014 ita ce take kama tumatir, kuma sanyi da danshi da hazon Yuli da Agusta ne suke haɓaka ta, har gona ta baƙe cikin mako guda. Tsutsar nan da manoma suke kira sharon, wadda ta cinye tumatir a Arewa a 2016, ita ma tana rayuwa a jikin dankali idan babu tumatir. Idan filin bai taɓa hutawa daga wannan dangi ba, kai kake ciyar da cutar daga rani zuwa damina. Saboda haka kashin da ya ɗauki tumatir da rani ya ɗauki masara ko koren wake da damina, dankali kuma ya bi bayan kabeji ko karas. Irin dankalin ma a nemi mai lafiya, ana iya tuntuɓar cibiyar binciken dankali da ke Kuru ko ofishin shirin bunƙasa noma na jihar Filato da ke Dogon Dutse, maimakon sayen ragowar kasuwa a shuka.

Tsarin ɗiba kowane mako yana zuwa da wani nauyi da ya kamata ka sani tun yanzu. Kowane maganin feshi yana da adadin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbarsa waɗanda dole a jira kafin a ɗebi amfani, kuma idan kashin da ake fesawa yana manne da wanda ake ɗiba, iska za ta kai maganin inda ba a so. Ka bar 'yar hanya tsakaninsu, ka yi feshi da yamma iska a kwance, kada yaro ko mace mai ciki su riƙe injin feshi, kada kuma kwalbar ta shiga gida. Tsutsar kabeji tana saurin sabawa da magani idan iri ɗaya ake maimaita mata, don haka a riƙa sauyawa, a kuma kwashe ragowar ganye bayan sara.

Na san manoman Dilimi sun daɗe suna amfani da tokar juji daga cikin gari, kuma tana gyara ƙasa, amma a tace ta a fitar da batir da leda da kwalba, kuma kada a gauraya ta da yuriya a zuba tare, domin toka tana sa ƙarfin takin ya tashi a iska. Kashin kaji a bar shi ya ruɓe tukuna, ɗanyensa yana ƙona dashe, yana sa karas ya yi rassa. Kogin kuma ta cikin gari yake ratsowa, yana kwasar ƙazanta, saboda haka latas da duk abin da ake ci ɗanye a yi masa wankin ƙarshe da ruwan rijiya ko na famfo.

Ɗan Gwari a Dei-Dei

Ni a Abuja nake sayar da kayan Jos, kuma abin da masu otal da gidajen abinci suke nema a wurinmu shi ne wanda zai kawo kowane mako ba fashi, ko da kaɗan ne. Ka haɗa kai da maƙwabtanka na lambu ku cika mota ɗaya, a sari kabeji da yamma a bar masa ganyen waje, a ware manya da ƙanana, a taso da dare ta Hawan Kibo da Akwanga da Keffi a iso kafin rana ta yi zafi. Ku tsayar da farashi da la'ada da ranar biya kafin kaya su bar Jos.

Mai Lambu a Dilimi

Na gode, Baba, na gode, Hajiya, da ku malamai biyu, Allah ya saka da alheri. Mun zauna da maiɗakina da ƙanena mun raba filin kashi huɗu a takarda, mun rage tumatir zuwa kashi ɗaya, ita kuma ta zaɓi fangalin da suke kusa da rijiya. Zan bi shawarar Malam in sa dankali a inda kabeji ya tashi, tumatirin Maris kuwa zan dakata da shi bana. Abin da ya rage mini shi ne renon Agusta, domin filina a gangare yake, ruwa yana kwanciya a ƙasansa idan an yi mamako. Baba, shin in ɗaga gadon renon a can saman filin, ko kuwa in yi shi a gida cikin buhuna da ƙasa mai taki, in kwaso dashen idan lokaci ya yi?