Kajin Rumawa da rigimar da ta biyo baya

Ɗalibin Tarihi: Jama'a, yau an ɓata min rai a aji. Na ce Rumawan zamanin da matsafa ne, ko yaƙi ba sa fita sai sun duba kaji, wani ya ƙaryata ni gaban kowa, wai mutanen da suka shimfiɗa tituna da magudanan ruwa ba za su yi camfi ba. To ga hujja. A shekara ta 249 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kwamandansu Publius Claudius Pulcher zai gwabza da mutanen Kartaj, wani birni a Arewacin Afirka, a teku, kusa da Drepana a tsibirin Sisili. Aka watsa wa kajin duba tsaba, suka ƙi ci, alamar kada a fita ke nan. Gogan naka ya fusata, ya sa aka jefa su ruwa, wai tunda ba za su ci ba, to su sha. Ya kwashi kashinsa a hannu, jirage 93 suka salwanta, da ya koma gida kuma aka gurfanar da shi.

Ɗan Birni: Matsafa? Ka iya bakinka, ɗan'uwa. Matsafi a ɓoye yake aikinsa, cikin dare. Waɗannan addinin gwamnati ne. Julius Kaisar kansa ya riƙe muƙamin babban malamin addininsu tun shekara ta 63 kafin haihuwar Annabi Isa.

Bakatsine: Wanda ke farke cikin rago yana karanta hanta don ya san gobe, me sunansa? Liman?

Ɗan Birni: Ban ce liman ba. Kada ka sa min magana a baki.

Uwar Biyu: Ni dai 'yan matan da ke hidimar Vesta, gunkiyar murhu ta Rumawa, ne suka tsaya min a rai. Su shida, a ɗauko yarinya ba ta wuce shekara 10 ba, ta yi shekara 30 tana gadin wuta kada ta mutu, ba aure. In an kama ta da namiji a binne ta da rai. Ko me kuka kira shi, zalunci ne.

Almajirin Zaure: Ku ji tsoron Allah. Akwai sura sukutum mai suna Rum, muminai har murnar nasararsu suka yi, ku kuna ce musu matsafa.

Ɗalibin Tarihi: Malam, ba su ba ne. Na cikin surar Kiristocin Konstantinoful ne, zamanin Hirakal. Tun kafin lokacinsu, Sarkin Rumawa Theodosius ya hana yanka wa gumaka, wajen shekara ta 391 bayan haihuwar Annabi Isa.

Almajirin Zaure: Yaro, boko kake koya min?

Bakatsine: Rabu da shi, Malam. Ai Ɗan Birni ne ya fara, kullum lauyan Turawa.

Ɗan Birni: Kai da ka gudu ranar muhawarar Fir'aunoni? Har yau muna jiran littafin da ka ce za ka turo.

Bakatsine: Data ce ta ƙare min.

Uwar Biyu: Wato ba mai amsa min ke nan.

Mai Zaure: Ya isa haka. Abin da aka cimma: kowa ya yarda Rumawa mutane ne masu tsari, addininsu na hukuma ne, kamar yadda Ɗan Birni ya yi bayani mai gamsarwa, kuma ba wanda ya iya kare kalmar matsafa. Bakatsine, ka sake kiran wani lauyan Turawa, zan cire ka na mako guda.