Shin dokar hana wariya ta Amurka tana kare fararen fata su ma?

Mai Bibiya:
Assalamu alaikum. Masana shari'ar Amurka, don Allah ku warware mini wannan. Ana ta cece-kuce cewa yanzu fararen fata ake nuna wa wariya wajen ɗaukar aiki. To dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ba don baƙar fata aka yi ta ba? Bature zai iya kai ƙara da ita? Ta ina zai fara?

Lauyan Ƙwadago:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zai iya, kuma ba yau aka fara ba. Babi na 7 na dokar ya hana wariya saboda launin fata, bai ce wane launi ba. A shari'ar McDonald da kamfanin Santa Fe ta 1976, an zargi ma'aikata uku da satar kaya, kamfani ya kori farare biyu, ya bar baƙar fatan a bakin aikinsa. Kotun Ƙoli ta ce dokar ta kare waɗanda aka kora. Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da ya zauna a kotun, shi ya rubuta hukuncin.

Sai dai dole wurin aikin ya kai ma'aikata 15. Mutum zai fara kai koke EEOC, hukumar tarayya mai kula da ƙorafin wariya a wurin aiki, cikin kwana 180, ko 300 in jiharsa tana da tata hukumar. Da zarar takardar izinin kai ƙara ta shigo hannunsa, kwana 90 gare shi. Nan mutane da yawa ke asarar haƙƙinsu: suna zaman jiran binciken cikin gida na kamfani, alhali kwanakin ba sa jiran binciken. Diyyar ɓacin rai da ta horo tana da iyaka, daga dala 50,000 zuwa 300,000 gwargwadon girman kamfani. Wani tanadin doka na daban da ya hana wariyar launin fata, mai suna Sashe na 1981, wanda ya samo asali daga dokar 1866, ba shi da wannan iyaka, amma sai an tabbatar cewa ba don launin fata ba da abin bai faru ba.

Hajiya Mai Alƙalami:
Malam ya faɗi gaskiya, amma akwai shingen da bai ambata ba. Har zuwa 2025, wasu kotunan ɗaukaka ƙara kan ɗora wa wanda ya fito daga masu rinjaye, kamar farar fata, ƙarin nauyi: sai ya nuna cewa kamfanin irin na daban ne, mai zaluntar masu rinjaye. A watan Yuni na 2025, a shari'ar Ames, alƙalai tara na Kotun Ƙoli suka soke wannan sharaɗi ba tare da saɓani ba, Mai Shari'a Ketanji Brown Jackson ta rubuta hukuncin. Yanzu ma'auni ɗaya ne ga kowa: mai ƙara ya nuna ya cancanta aka hana shi, kamfani ya kawo dalilinsa, mai ƙara ya nuna dalilin fakewa ce kawai. Wannan mataki na uku shi ne mai wuya. Zargin baki ba ya isa. Ana neman imel, makin intabiyu, ko abokin aiki da ya yi laifi iri ɗaya aka ƙyale shi.

Dattijo:
Ni a ganina, tushen rigimar yana cikin dokar kanta. Tun shari'ar Griggs ta 1971, jarrabawar ɗaukar aiki da ke zubar da wani jinsi, kamar masu wani launin fata, fiye da kima tana iya zama laifi ko ba a yi niyya ba, muddin ba ta da alaƙa da aikin. Ma'aunin da aka saba: in rabon waɗanda suka ci a wani jinsi bai kai kashi huɗu cikin biyar na jinsin da ya fi ci ba, sai a sa ido.

Dubi birnin New Haven. An yi wa 'yan kwana-kwana jarrabawar ƙarin girma a 2003, sakamako ya nuna babu baƙar fatan da zai samu muƙami nan take, hukuma ta ji tsoron ƙara ta yi watsi da shi. Waɗanda suka ci, mafi yawansu farare, suka garzaya kotu, suka yi nasara a Kotun Ƙoli a 2009 da ƙuri'a 5 da 4. Gaba kura, baya siyaki. Mafita ita ce a tantance jarrabawa kafin a ba da ita. Bayan an ga launin waɗanda suka ci, an makara.

Yadda wannan rigima ke raba kan ƙasa kuwa yana damuna ƙwarai. Ɗan kwana-kwanan da ya yi watanni yana karatu aka soke makinsa an cuce shi. Haka kuma binciken masana tattalin arziki Bertrand da Mullainathan na 2004 ya gano cewa takardar neman aiki mai sunan farar fata ta fi samun kira da kashi 50 cikin ɗari a kan mai sunan baƙar fata, duk da cancanta ɗaya. Kowane ɓangare yana riƙe da nasa misalin, ya ƙi kallon na ɗan'uwansa.

Lauyan Ƙwadago:
Haka ne, Baba. Shi ya sa shawarar da ake ba kamfanoni yanzu ita ce su faɗaɗa inda suke tallata gurbi, su yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, su rubuta maki kafin a zauna tattaunawa, su kuma adana takardun aƙalla shekara guda kamar yadda ƙa'idar EEOC ta tanada.