Haruffa masu lanƙwasa sun ƙi fitowa a wasiƙun littafin yara

Assalamu alaikum. Ina haɗa littafin yara mai hotuna, shafi 32. Labarin wata yarinya ce mai alƙalamin sihiri, duk abin da ta rubuta a wasiƙa sai ya fito daga ambulan, ƙawayenta su raba.

Wasiƙun na sa musu salon rubutu mai kama da na hannu, amma ƙ, ɗ da ɓ sun ƙi fitowa. Inda na rubuta "Ƙawata", sai ɗan akwati da "awata". Na canza salo, haruffan suka fito, amma wasiƙar ta koma kamar takardar ofis. Na zana lanƙwasar da kaina, ina mayarwa PDF duk ta goce daga wurinta.

Don Allah, wane salon rubutun hannu ne ke ɗauke da haruffan nan, manya da ƙanana?