Zan tashi daga gidan haya a tsakiyar damina: in raba 'ya'yan aloberata yanzu ko in jira?

Maman Rakiya, Yantala: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa raba alobera da hannunsu. Marigayiya surukata ce ta dasa mani ita a ƙasa, a tsakar gidan da muke haya, kuma ta yi girma har ta fidda 'ya'ya da yawa kewaye da gindinta. Mai gida ya ce mu tashi kafin ƙarshen watan Yuli, gidan da za mu koma a Banifandu kuwa daɓen siminti ne gaba ɗaya, babu wurin shuka sai cikin tukwane. Abin da ke damuna shi ne watan Agusta ne ya fi kowane wata ruwa a Yamai, kuma na ji ana cewa sabon dashe ba ya son laima. Shin in cire 'ya'yan yanzu, ko in roƙi wanda zai shiga gidan ya bar ni in dawo in ɗauka a watan Oktoba? Ita uwar kuma, za ta jure a tumɓuke ta?

Baban Nafisa, Lazare: Wa alaikumus salam. Hajiya, abin bai kai haka wuya ba. Ki yanki ganye masu kauri ki soka su cikin yashi, ki riƙa ba su ruwa safe da yamma, za su tsiro.

Malam Ɗan Gona: Alhaji, ka yi haƙuri, wannan shawara za ta jawo mata asara. Ganyen alobera kusan ruwa ne zalla, yakan ruɓe tun kafin ya yi saiwa. Wanda ake shukawa da ganye shi ne shuka-halinka, wanda ke fidda ƙananan tsirrai a gefen ganyensa, sai kuma moda mai dogayen ganye kamar takobi, ita ma idan mai ratsin rawaya ce, wadda za ta tsiro daga yankin ganye kore za ta fito ba ratsin. Alobera da 'ya'yanta ake yaɗa ta. A zaɓi ɗan da ya kai tsawon tafin hannu, a tone shi da ɗan saiwarsa, a ajiye shi a inuwa kwana biyu ko uku har wurin yankan ya bushe, sannan a dasa a ƙasa mai yashi cikin tukunya mai huda a gindi, kuma kada a ba shi ruwa sai bayan kamar mako guda.

Hajiya ta Harobanda: Ni dai abin da zan ce, duk abin da za ki yi, kada ki yarda ki bar taki da nufin za ki sayi wata. Bara na yi niyyar fara sayar da furanni a ƙofar gida, na tara kuɗin adashina na je wurin wani mai sayar da shuke-shuke a bakin kogi, na sayi kariya da alobera cike da amalanke. Duk suna cikin baƙar leda, kore shar, wasu kariyar har da jan furensu. Ya rantse mani cewa sun kama tun watanni. Ba a yi mako biyu ba gindinsu ya fara laushi yana yin baƙi, da na ja ɗaya sai ya biyo hannuna salin alin, babu saiwa ko sili ɗaya, ƙasan yana wari, ƙasar cikin ledar kuma laka ce mai danƙo. Ashe rassa ya sara ya soka a leda. Da na koma sai ya ce ni ce na cika musu ruwa, ya juya yana ciniki da wani kamar ba da shi nake ba. Jika talatin na CFA na zuba, kuma har yau ina biyan zubin adashin nan. Abin da ya fi yi mani ciwo shi ne 'yata ce ta yini tana jera su a gindin katanga tana ƙirga ribar da za mu samu.

Maman Rakiya, Yantala: Allah ya mayar miki da alheri, Hajiya. Amma ni ba saye nake so ba, tawa nake so in ceta.

Baban Nafisa, Lazare: Jika talatin kuwa an cuce ki tun a ciniki. Ni dala ɗari, wato rabin jika, na sayi alobera a leda.

Hajiya ta Harobanda: Dala ɗari a wace shekara, Alhaji? Ƙaramar alobera jika ɗaya da rabi aka sayar mani, kariya mai gindi kuwa har jika biyar aka yi mani kuɗinta.

Malam Ɗan Gona: Game da kuɗin kariya, iri biyu ake samu a kasuwa. Wadda aka shuka da iri ita ce ke yin ƙaton gindin nan tun tana ƙarama, wadda aka dasa da reshe kuwa takan daɗe siririya, shi ya sa kuɗinsu ya bambanta. Kuma mai taɓa ta ya wanke hannu, ruwanta dafi ne.

Dattijo daga Tawa: Yaro, na ga kana magana da ilimin makaranta, amma mu a ƙasar Adar tun kakanni muke shingen gona da aguwa. Da rani muke saran rassanta, mu bar su su sha iska, mu kafa su a busasshiyar ƙasa, kafin ruwan farko sun shirya kamawa. Babu wanda ya taɓa dasa ta cikin tsakiyar damina. Ita wannan baiwar Allah ta jira kaka.

Malam Ɗan Gona: Baba, maganarka ba ta saɓa wa tawa ba, bushewar wurin yanka ita ce asirin duka biyun. Sai dai aguwa a fili take, ruwa ya sauka a kanta ko ta so ko ta ƙi, tukunya kuwa ana iya janye ta ƙarƙashin rumfa.

Dattijo daga Tawa: Ka taɓa yi da hannunka a watan Agusta, ko a littafi ka gani?

Bagobirin Bukoki: Ku bar gardama, ku ba Bazabarme ajiyarta. Abokin wasana ne, na san halinsa, ba zai tashi ya ɗebo ruwa ya ba ta ba har shekara ta kewayo, ita kuwa abin da take so ke nan.

Maman Zali, Talaje: Bagobiri, za mu haɗu. Amma maganar barin ta a hannun wani, ni ba na goyon baya, domin a unguwarmu ba ruwa ne ke kashe alobera ba, maƙwabta ne. Yau a aiko yarinya a ce a ba da ganye ɗaya na gyaran gashi, gobe a ce yaro ya ƙone, kuma ba ka isa ka hana ba. Wata rana na dawo daga kasuwa na tarar an yanke har ganyayen tsakiya, inda sabon toho ke fitowa, alhali na ƙasa waɗanda suka manyanta ake cira.

Hajiya ta Harobanda: Ke ma an aiko an roƙa. Mu awakin maƙwabta ake saki da safe, su tura ƙofa su shigo, su ture tukwane su farfasa, idan ka yi magana a ce ba ka son zaman lafiya. Na kai ƙara wurin mai unguwa, ya ce mu yi haƙuri da juna.

Maman Zali, Talaje: To wa zai biya tukwanen? Ni ina ganin ya kamata mu matan layi mu haɗu mu je tare, domin mutum ɗaya ba a sauraronsa.

Maman Rakiya, Yantala: Na gode muku duka. Malam Ɗan Gona, idan ka dawo, don Allah ka amsa mani maganar uwar, wadda ganyenta ya kai tsawon kamu: tukunyar ƙasa za ta ɗauke ta, ko sai na yanka bido babba? Mai gida ya sake aiko yaronsa yau da safe.